Daga Landan zuwa Berlin a jirgin ƙasa: inda tafiyar take kwancewa

Babu jirgin ƙasa guda da zai ɗauke ka daga Landan ya dire ka a Berlin. Hanyar da aka fi bi jirage uku ce: Eurostar daga tashar St Pancras zuwa Brussels, kusan awa biyu, jirgin ICE na Jamus daga Brussels zuwa Kolon, shi ma bai cika awa biyu ba, sai wani ICE ɗin daga Kolon zuwa Berlin, awa huɗu da 'yan kai. Ƙasashe huɗu ke nan, fiye da kilomita 1,000, kuma wanda ya yi sammako zai ci abincin dare a babban birnin Jamus. Gudun jiragen ba abin damuwa ba ne, don akwai wuraren da suke kai kilomita 300 a awa. Abin da ke ɓata wa matafiyi rana shi ne 'yan mintunan nan da ke tsakanin sauka daga wannan jirgi da hawa wancan.

Kafin a kai ga jirgi, takardu. Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashe 29 da suka ɗage binciken fasfo a tsakaninsu, don haka bizar Birtaniya ba ta kai mai fasfon Najeriya ko Nijar ko da Faransa. Sai ya nemi bizar Schengen daban, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta ake nema. Mai zuwa Berlin wajen Jamusawa zai je, duk da cewa Faransa zai fara takawa. Bizar ta gajeren zama ce, kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Wani abin da ke ba baƙo mamaki shi ne, tun a cikin tashar Landan 'yan sandan Faransa suke duba fasfo. Wanda takardunsa ba su cika ba, ko ƙyallin jirgin ba zai gani ba. Saboda wannan bincike ne ake rufe ƙofa rabin awa kafin tashi, kuma mai hankali ya isa da awa guda ko fiye.

A nan zan ɗan ratse, saboda na san halinmu da tsaraba. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, doka ta hana matafiyi shiga ƙasashen Tarayyar da nama ko kayan madara daga can. Kilishin da ka naɗe wa ɗan'uwa a Berlin, da dambun nama, da man shanu, duk sun shiga ciki. Ruwan sha da shayi a fulas kuwa ba a hana ba, ba kamar filin jirgin sama ba. A Eurostar, akwati biyu da jakar hannu aka yarda da su, ba a auna nauyi, amma ka tuna babu ɗan dako. Abin da ka ɗauko, kai za ka hau da shi ka sauko da shi sau uku.

Jirgin na nutsawa cikin ramin da aka haƙa ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, wanda aka buɗe a 1994. Tsawonsa kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Minti ashirin na duhu, sai ka ga gonakin Faransa ta taga. A nan ne za ka tura agogonka gaba da awa ɗaya, domin duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da tashar take ne.

Yanzu ga wurin da ya kamata a zauna da alƙalami. A ce shafin sayar da tikiti ya nuna maka za ka sauka a Brussels da ƙarfe 12:05, jirgin Kolon kuma zai tashi da 12:25. A kan takarda minti ashirin sun isa. To, taragonka na iya kasancewa can ƙarshen jirgi, kuma tsawon Eurostar ya kusan mita 400. Ga akwati biyu, ga jama'a sun yi cincirindo a bakin matakala, ga allon sanarwa cikin Faransanci da Holanci, kana ɗaga kai kana neman lambar dandamalinka. Jirgin farko ya makara da minti goma kawai, shi ke nan, sai dai ka hango bayan na biyu. Ni a ganina, awa guda a Brussels ba asara ba ce. Ka sha shayi, ka yi alwala, ka nemo dandamalinka a tsanake. Sauri ya haifi nawa.

Dalilin da ya sa makarar nan ke da ciwo shi ne yadda aka tsara tikitin. Dokar Tarayyar Turai ta ce idan ka isa inda za ka da makarar awa ɗaya, a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, idan ta kai awa biyu a ba ka rabi, kuma wajibi ne a kai ka da wani jirgin. Sai dai wannan kariya tana bin tikiti ɗaya ne daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Tafiyar Landan zuwa Berlin kuwa galibi tikiti biyu ce, na Eurostar da na kamfanin Deutsche Bahn, kuma a idon doka ciniki biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Akwai fahimtar juna tsakanin manyan kamfanonin, ƙarƙashin ƙawancen Railteam, cewa wanda jirgin ɗayansu ya makarar da shi zai iya hawa na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Alfarma ce dai, kuma sai in akwai wuri. Don haka kafin ka bar jirgin da ya makara, ko da saukarka, ka nemi ma'aikaci ya ba ka shaidar makarar.

Daga Brussels zuwa Berlin ka saye shi tikiti ɗaya, kada ka raba shi a Kolon don rangwamen 'yan Yuro. Masu jin labarin Jamusawa da kiyaye lokaci sukan sha mamaki: a 2024, kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai na jiragen dogon zango na Deutsche Bahn suka isa a kan lokaci, alhali jirgin da ya makara ƙasa da minti shida ma ana lissafa shi cikin masu kiyayewa. Da tikiti ɗaya a hannunka, in jirgin Kolon ya tsere maka ba da laifinka ba, sai ka hau na bayansa kawai.

Farashi kuwa kamar na jirgin sama yake, yana hawa yayin da ranar ke matsowa. Mai araha, wanda Jamusawa ke kira Sparpreis, ya ɗaure ka da jirgi guda a lokaci guda. Flexpreis ya fi tsada amma ya sake maka mara. A Eurostar kujera tana cikin tikiti. A jiragen cikin Jamus daban ake biyan kuɗin kama kujera, kuma wanda ya ƙi biya ranar Juma'a da yamma yana iya yin awa huɗu zaune a kan akwatinsa kusa da ƙofa. Mai niyyar zaga ƙasashe da yawa ya duba katin Eurail, wanda aka tanada wa waɗanda ba mazauna Turai ba, amma don zuwa da dawowa kaɗai ba kasafai yake fin tikitin da aka saya da wuri sauƙi ba. Wanda kuma bai damu da kwana a hanya ba, akwai jirgin dare na European Sleeper da ya fara aiki tsakanin Brussels da Berlin a 2023, sai dai ba kullum yake tashi ba. A kuma lura, jadawalin jiragen Turai yana sauyawa a tsakiyar Disamba kowace shekara, don haka tikitin ƙarshen shekara kan jinkirta fitowa.

Saura sunaye. Tashar da Eurostar ke tsayawa a Brussels suna biyu gare ta, Bruxelles-Midi da Brussel-Zuid, kuma wuri ɗaya ne. Kolon a allo Köln za ka gani. Garin Liège da za ku ratsa, wasu allunan Luik suke rubutawa, Jamusawa kuma Lüttich. Haruffan Hbf da ke bin sunan gari na nufin babbar tasha. A Kolon ka ƙara duban tikitinka, domin bayan Köln Hbf, wadda ke gindin babbar majami'ar garin, akwai Köln Messe/Deutz a tsallaken kogin Rhine, kuma wasu jiragen can suke tsayawa. Haka Berlin: jirgin zai fara tsayawa a Spandau, a gefen gari ta yamma, ka ga mutane sun miƙe suna jan akwatuna. Zauna abinka. Taka tashar, Berlin Hbf, mai rufin gilashi da hawa-hawa, wadda aka buɗe a 2006, tana gaba da kamar minti goma sha biyar.