Idan Ɗaki Ya Faɗi A Titiru, Ina Ake Kwana?

Duk wanda ya yi damina ko da guda a Paraku ya san halin watan Agusta da Satumba. Ruwa yakan kama tun la'asar, ya kwana yana zuba, da safe kowane maigida ya fito yana duba katangarsa. A Titiru, inda gidajen ƙasa suke gauraye da na siminti, da wuya damina ta wuce ba a ji an ce ɗakin wane ya faɗi ba. A daminar bara abin ya faɗa kan wani maƙwabcinmu mai sayar da tsire, shi da matarsa da 'ya'ya biyar. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin ƙarar tsagewar bangon ta tashe su kafin ya kwanta. Kafin hantsi jama'a sun taru, an zaƙulo tukwane da tabarmi da buhun masarar da ya jiƙe, an yi jaje, an watse. Sai aka bar mutum bakwai a tsaye da tambayar da jaje ba ya amsawa, wato ina za a kwana yau.

Abin da aka yi shi ne abin da aka saba. Wani dattijo a layin ya ce a shigar da matar da ƙananan yara cikin gidansa, ɗakin tsohuwa. Maigidan da manyan 'ya'yansa biyu suka shimfiɗa tabarma a zaure. An ce kwana biyu ne kawai. Sati bakwai suka yi.

Ba ko'ina ake barin wannan nauyi a wuyan maƙwabta ba. A Ingila, tun 1977 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin nema wa iyalin da suka rasa muhalli wurin zama na wucin gadi, musamman idan akwai yara ko mai juna biyu, har a samu na dindindin. Hukuma takan kama musu ɗaki a ƙaramin otel, ko ta yi hayar gida ta sa su. Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. A 2023 iyalan da ke irin wannan zama a Ingila sun haura 100,000, wasu sun shekara da shekaru suna jira, uwa da 'ya'ya a ɗaki guda, kuma kuɗin da ake kashewa ya durƙusar da wasu hukumomin. A Faransa kuwa, wadda 'yan'uwanmu da yawa suka fi sani, akwai lamba 115 da marar makwanci yake bugawa, akwai dokar 2007 da ta ba mutum damar kai gwamnati ƙara a kan muhalli, sa'an nan ba a fitar da ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris saboda sanyi. Duk da haka ana kwana a titi a Paris. Amma dai a can akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ka ce haƙƙina nake nema.

To, mu fa a nan Benin? Mutane da dama ba su san cewa mu ma muna da ƙofa a rubuce ba. Dokar da ta tsara aikin kwamin-kwamin a watan Janairu 1999 ta ambaci taimakon gajiyayyu da waɗanda bala'i ya afka wa a cikin ayyukan kwamin. An yi zaɓen kansiloli na farko a Disamba 2002, ƙasar ta zama kwamin 77, Paraku kuma ta shiga cikin ukun da aka ba matsayi na musamman a wancan lokacin, ita da Kwatano da Porto-Novo. Ke nan ofishin magajin gari, wato meri, ba baƙo ba ne a wannan magana. Sai dai taimako kalma ce mai faɗi. Buhun shinkafa taimako ne, bandir ɗin kwano taimako ne, ziyarar jaje ma wasu sukan lissafa ta. Ɗaki mai ƙofa da makulli wani abu ne daban.

Lokacin da aka ga girman wannan giɓi shi ne 2010. A shekarar ruwa ya yi ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Kwamin 55 cikin 77 abin ya shafa, mutane kimanin 680,000, an rasa rayuka 46, gidaje wajen 55,000 suka rushe. Daga kwarin kogin Weme a kudu har Malanbil da Karimama a bakin Kwara, jama'a suka kwashi abin da ya saura suka nufi tudu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi jigilar tantuna ta jirgin sama zuwa Kwatano, amma kafin tanti ya iso, inda aka fara zuba mutane shi ne azuzuwan lakwal. Bayan wannan darasi ne aka kafa hukumar kare jama'a daga bala'i ta ƙasa a 2012, aka kuma sa magadan gari su shugabanci kwamitocin shirin ko-ta-kwana a kwamin ɗinsu.

Zaman lakwal yana da ranar ƙarewa, kuma ba mai zaman ne yake sa ranar ba. Ruwa ya fi ƙarfi daidai lokacin da ake shirin komawa karatu. Darakta yana son ajinsa, iyayen yara suna son a buɗe, su kuma waɗanda ke kwance a kan benci ba su da inda za su. Ba laifin darakta ba ne, shi ma amana aka ba shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗani wannan a 2024, lokacin da ambaliya ta yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram da sauran jihohi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, domin wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma cike suke da iyalai. An ceci wasu daga ruwan sama, an ci wa yara kusan wata guda na karatu.

Wannan ma sai bala'in ya yi girman da rediyo zai faɗa. Wanda ɗakinsa kaɗai ya faɗi, ba a kafa masa tanti. Haka wanda gobara ta cinye wa gida da sanyin hunturu, da matar da mijinta ya rasu dangi suka raba gado suka sayar da gidan, da ɗan hayar da aka zubar wa kaya a waje. A farkon 2017, da aka share rumfuna da shagunan bakin titi a manyan garuruwa har da Paraku, da yawa sun rasa wurin sana'a, kuma mun san a cikinmu akwai samarin da shagon nan ne ɗakin kwanansu. Neman sabon ɗaki kuwa sai da kuɗi a dunƙule. Dokar haya ta 2018 ta ƙayyade kuɗin ajiya kada ya wuce na wata uku, amma ko wata ukun, ga ladan dillali, ga kuɗin ajiyar wuta da ruwa, ina mai tsiren da jarinsa ya jiƙe zai samo su a sati guda?

Mu Hausawan ƙasar nan ba yau muka fara saukar da marar masauki ba, da shi ma aka san mu. Ai ma'anar zango ke nan. Tun kafin Faransawa su zo, ayarin fatake yakan taso daga Kano da Sakkwato da jakuna da kanwa da tufafi, ya biyo ta Nikki da Paraku da Jugu, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro. A Jugu sarauta tana Kilir, baƙi 'yan kasuwa kuma suna unguwar Wangara. Madugu ba ya isowa ya yi ta neman wurin kwana. Akwai maigida da ke jiransa, ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, shi kuma ya sami la'adarsa. Ba sadaka ce zalla ba, ciniki ne mai mutunci, shi ya sa ya daɗe. A ƙarshen 1969, da gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu sati biyu su fice, dubban mutane suka ratso Togo da Dahome za su Najeriya da Nijar. Tsofaffinmu har yanzu suna ba da labarin yadda zauruka da harabar masallatai suka cika, wasu baƙin kuma daga nan ba su ƙara gaba ba, jikokinsu ne muke zaune da su.

Gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba ita ce zauren nan yana ƙarewa. Fili ya yi tsada, gari ya faɗaɗa, ɗalibai sun ƙaru tun da aka buɗe jami'ar Paraku a 2001, kowane ɗaki ya zama kuɗi. Magada sukan fasa zaure su fitar da ƙofa waje ya zama shago, ɗakin baƙi a sa masa mita a ba ɗan haya. Ba mu ga laifinsu ba, zamani ne, kuma kowa da bakin da yake ciyarwa. Amma sabon gini na bulo mai ɗaki da falo ba shi da inda za a ce wa maƙwabci shigo. Ga shi kuma buƙatar ƙaruwa take yi. Tun ƙarshen 2021 da hare-hare suka fara a kan iyakar arewa, iyalai suna barin ƙauyukan Atakora da Alibori, kuma akasarinsu ba sansani suke shiga ba, gidajen dangi da na sani suke sauka. Wanda ya ɗauki mutum takwas a kan nasa goma, ba a rubuta shi cikin waɗanda bala'i ya shafa, alhali kuwa rumbunsa ne yake ƙarewa.

Gidajen da gwamnati ta gina a Wedo kusa da Kwatano, cikin shirin gidaje 20,000, abu ne mai kyau, amma na mai abin biya ne kowane wata. Abin da muke magana a kai ƙarami ne ƙwarai. Ɗakuna kaɗan a kowane arondisma, da makewayi da famfo, waɗanda meri za ta riƙe, a sa iyali wata biyu ko uku da takarda a rubuce, su fita wasu su shiga. In gini ya yi nauyi, to a tallafa wa maigidan da ya sauke su, ko da da hatsi ne, a kuma ranta wa wanda ya rasa ɗaki kuɗin ajiyar haya. Zaman majalisar kwamin a buɗe yake ga jama'a, kasafin kuɗin shekara mai zuwa kuma tun kafin ƙarshen wannan ake tsara shi. Mu ne dai ba ma zuwa. Mun fi ganewa mu kai kuka wurin sarkin zango ko liman, su kuma abin da ke hannunsu bai wuce faifan da ake zagayawa da shi ranar Juma'a ba. Ya kamata shugabanninmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mahauta su riƙa rubuta kowane gida da ya faɗi, da yawan mutanen ciki, da wanda ya sauke su, su kai wa shugaban unguwa da ofishin kula da jin daɗin jama'a, a buga hatimi a ba su kwafi. Kansila ba ya kare abin da babu shi a takarda.

Maƙwabcin namu dai faifan Juma'a ne ya fitar da shi, aka haɗa da bashin da ya ci wurin mahaucin da ke ba shi nama. Ya kama ɗaki guda can wajen Albarika, nesa da inda yake kafa tukubarsa, yaran biyu kuma sai da aka canja musu lakwal. Dattijon da ya sauke su ya gaya mana 'ya'yansa sun matsa a mai da zauren shago bayan sallah, har an kawo yashi an zube a ƙofar gida.