Kukis Ba Tare Da Gashi Ba: Me Ke Riƙe Shi?

Yau kicin za mu shiga, mu yi kukis ɗin da ba ya buƙatar oven, babu ƙwai, babu bota, babu madara. Irinsa ne Turawa ke kira na 'yan vegan, wato mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, har zuma. A Ingila aka ƙirƙiro kalmar a 1944. Amma fa in kin taɓa cin dakuwa, to kin riga kin ci ɗan'uwansa.

Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: me zai hana shi wargajewa? A kukis na gashi, ƙwai ne ke daskarewa in ya ji zafi, ya kama fulawar. A nan babu zafi, don haka sai mu nemi danƙo da maiƙo. Danƙon daga dabino, maiƙon daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa. In kika gane wannan, kin gama da rabin aikin.

Ga yadda nake yi, da gwangwanin madara nake awo. Dabino gwangwani 1, a cire ƙwallon. Idan busasshen nan ne mai tauri, ki jiƙa shi a ruwan zafi na minti 15, ki tsane shi sosai, sannan ki daka a turmi har ya zama kamar ƙulli. Kar ki zubar da ruwan jiƙon. Sai oats gwangwani 1 da rabi, ki ɗan soya shi a busasshen kasko na minti 5 har ƙamshi ya tashi. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa rabin gwangwani, garin koko cokali 2, gishiri kaɗan. Ni ina ƙara garin citta, a ganina ita ke kashe gundurar zaƙin.

Ki cakuɗa da hannu, ki dunƙula ɗaya ki gwada. Ya fashe? Ƙara ruwan jiƙon cokali ɗaya. Yana manne miki a tafi? Ƙara oats. Shi ke nan. Ki mulmula, ki danna shi ya yi faɗi, ki birgima shi a soyayyen riɗi.

To, ga wani abu. Wasu girke-girken da ke intanet man kwakwa suke sawa ya riƙe kukis ɗin. Shi kuwa man kwakwa yana narkewa ne da zarar zafi ya wuce kusan digiri 24. Ku tuna zafin Sakkwato a watan Afrilu, ga wuta sai ta ga dama. Kafin yara su kai shi makaranta ya zama kunu. Dabino ba ya wannan cin amanar.

Don Allah kar a sa ɗanyar fulawa a madadin oats. Fulawa sai an dafa ta, don tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Gyaɗa kuma a tsince ta da kyau kafin a soya, duk wadda ta yi funfuna ko ta motse a zubar, saboda gubar da ke cikinta tana illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Sai maganar lafiya, don na san za a tambaye ni. E, babu farin sukari a ciki, amma kusan kashi 2 cikin 3 na nauyin dabino sukari ne. Guda 2 da shayi sun isa. Mai ciwon suga ya fara tuntuɓar likitansa.

Awon nan zai ba ki wajen guda 12 zuwa 15. In akwai firij, ki sa shi na minti 30 ya kama jikinsa, zai kuma yi mako guda a mazubi mai murfi. In babu, tunda an jiƙa dabinon, a yi kaɗan a cinye cikin kwana 2.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.