Masu Tashin Batir Daga Barci

A Jos Jarawa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da wuya ka shiga gida ka rasa abin da ke jiran caji. Ga waya, ga tocila, ga 'yar fanka, ga sifikar sauraren karatu ko waƙa, ga fawa banki. A bakin titi kuma mai POS da mai aski duk da batir suke neman abincinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai da dalili, mutane suka ƙara raja'a a kan kayan da ke riƙe wuta. Da yawa daga cikin waɗannan kaya batirin litiyam ne a cikinsu, shi kuwa batir yana tsufa, yana sumewa, wani lokacin ya kumbura. A nan ne wata sana'a ta sami gindin zama a cikin sana'ar gyaran waya: sana'ar masu auna batir, su tashe shi, su yi masa caji da hannu, ko su yanke masa hukuncin cewa tasa ta ƙare.

Jos tsohuwar hannu ce a harkar lantarki. Saboda haƙar kuza, kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra tun 1929, lokacin da yawancin garuruwan ƙasar nan ba su san kwan fitila ba. Yau rabon wutar gari yana hannun kamfanin JED, wanda ya karɓi aikin bayan sayar da kamfanonin lantarki a 2013, yake kuma kula da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Ita kuwa wayar salula a 2001 ta shigo Najeriya, sai gyaranta ya biyo bayanta. Da gobara ta cinye babbar kasuwar Jos a Fabrairun 2002, 'yan kasuwa suka bazu a titunan da ke kewaye da Taminus, har da titin Ahmadu Bello. A wannan yanki ne matasa da yawa daga unguwanni suke koyon gyara a hannun iyayen gidansu, Hausawa da Afizere da Birom da Ibo da Yarabawa a rumfa ɗaya, Hausa ce kuma harshen ciniki. Wanda ya ƙware sai ya koma unguwarsu ya kafa nasa teburin.

Teburin ba shi da wani girma. Akwai mita mai tsinke biyu, ja da baƙi, da ƙarfen liƙi da zaren dalma, da injin hura iska mai zafi, da hantsaki da ƙananan sukundireba. A gefe guda kuma ga wani akwatin ƙarfe mai fuska biyu ta lambobi da maɓallan murɗawa, wanda masu aikin ke kira fawa sufulai. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gari ya mayar da ita irin wadda batir ke bayarwa, daidai yadda ka umarce shi. Fuska ɗaya tana nuna ƙarfin wutar, wato bolt. Ɗayar tana nuna yawan wutar da ke wucewa, wato amfiya. Ƙananan da aka fi gani a rumfunan waya suna kaiwa bolt 15 da amfiya 2, manyan kuma bolt 30 da amfiya 5. Akwai bambancin da sabon shiga ba ya sani sai an nuna masa: da yawa daga cikin ƙananan, in aka ja wuta fiye da kima, yankewa kawai suke yi su yi ƙara. Manyan ne ke iya riƙe amfiya a daidai inda ka tsayar da ita, su ne kuma suka dace da cajin batir.

Mafi yawan aikin da ke zuwa iri ɗaya ne. Mace za ta zo da wayar da ta yi watanni a cikin durowa, ta ce: "Injiniya, duba mini wannan, na sa ta a caji tun jiya ko ƙyaftawa ba ta yi ba." Zai ce: "Hajiya, zauna mu gani, watakila barci batirin ya yi." Ba zai fara da jona wuta ba. Zai buɗe wayar, ya duba ko batirin ya tasa murfi, ya shinshina, domin batirin da ya fara yoyo yana da wani ƙamshi-ƙamshi mai kama da na sinadarin goge farce. Sannan ya ɗora tsinken mita. Lafiyayyen batirin litiyam yana zama ne tsakanin bolt 3 in ya ƙare da bolt 4.2 in ya cika. A jikin batirin waya akwai ɗan ƙaramin fanel mai tsaro, wanda ke rufe ƙofa idan wutar ta yi ƙasa ƙwarai, shi ya sa wani lokacin mita ke nuna sifili alhali akwai sauran rai a ciki. Tayar da irin wannan batir shi ake kira bustin.

A wajen bustin ne ake gane wanda ya koyi aiki da wanda ya gani ana yi. Na biyun yanke jelar caja yake yi, ya dangwala wa batir bolt 5 kai tsaye, wani ma har da batirin babur mai bolt 12, yana dangwalawa yana ɗagawa har wayar ta kawo haske. Sau da yawa takan kawo, mai ita ya tafi yana godiya, amma an riga an ƙona wani abu a ciki wanda ba a gani. Gwani kuwa sai ya saita na'urarsa kafin ya jona komai. Ya murɗa bolt zuwa 4.2, ya tabbatar da mitarsa, domin lambar da ke fuskar na'ura mai araha takan yi kuskure. Ya haɗa bakin wayoyin biyu ya rage amfiya zuwa 'yar kaɗan. Daga nan ya ɗora ja a kan ƙari, baƙi a kan ragi, ya sake dubawa, domin juya su kan kashe na'urar ko ya sa batir ya yi wuta. Batirin da ya faɗi ƙasa da bolt 3 ana ba shi kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ne, a hankali, yatsa na kan jikinsa ana jin ko yana ɗumi, har ya hau bolt 3. A wayar hannu nan aikin ya tsaya: a mayar da batir, a bar cajar wayar ta ƙarasa sauran.

Cikakken caji da na'urar tebur ya fi shafar ƙwayoyin batir zagayayyu da ake kira 18650, saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Su ne a cikin batirin tsohuwar laftof, su ne a manyan tociloli da fawa banki da fankoki. Ƙwaya mai ɗaukar miliamfiya 2,600, alal misali, akan ba ta rabin wannan adadi, wato amfiya 1.3. Cajin hawa biyu ne. A hawan farko amfiya tana tsaye cak, bolt na hawa sannu a hankali. Da ya kai 4.2 sai al'amarin ya juya: bolt ya tsaya, amfiya ta fara sauka da kanta. Kamar mai cika jarka ne a famfo, ya buɗe ruwa sosai tun tana wofi, in ta kusa baki ya rage, in ta cika ya kashe. Idan amfiya ta sauko zuwa wajen 0.1, ƙwaya ta ƙoshi, sai a cire ta. Duka aikin yakan ci awa biyu zuwa uku.

Cirewar nan ita ce zuciyar sana'ar. Waya da laftof suna da ƙwaƙwalwar da ke yanke wuta in batir ya cika. Na'urar tebur ba ta da wannan hankali, za ta ci gaba da tura wuta har gobe in ba a taɓa ta ba. Batirin mota mai ruwa yana jure a bar shi a jone, na litiyam ba ya jurewa. Ƙarin da bai kai rabin bolt ba a kan ƙa'ida ya isa ya lalata ƙwaya, ya sa ta tara iska, ta yi zafi, zafin ya haifi wani zafin har ta kama da wutar da ke da wuyar kashewa. Don haka mai aikin shi ne makashin na'urar. Ogan da ya san abin da yake yi ba ya barin ƙwaya a jone ya tafi masallaci ko coci, ba ya kuma barinta ta kwana. Zai ce wa yaronsa: "Kai, zuba ido a kan ƙwayar nan, in ta ɗumama ka zare." Wasu sukan ajiye bokitin yashi a ƙarƙashin tebur, su kuma yi cajin a kan tayil ko farantin ƙarfe, nesa da soso da kwali. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan haɗari ba: a 2016 Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya saboda baturanta na kamawa da wuta.

Kuma ba kowane batir ne mai bolt 4.2 ba. Yawancin wayoyin yanzu nasu yana cika ne a 4.35 ko sama da haka, an kuma rubuta a jikinsa. Irin wanda ake sa wa a manyan baturan sola na zamani, mai sinadarin ƙarfe da fosfet, iyakarsa 3.65. Wanda bai karanta jikin batir ba kafin ya murɗa maɓalli, caca yake yi da dukiyar mutane. Haka nan batirin laftof mai ƙwaya shida, jeri uku ne bibbiyu, in ya cika yana ba da bolt 12.6. Idan aka tura masa wuta a dunƙule ba tare da fanel mai daidaita jerin ba, wani jeri zai wuce iyaka wani bai ƙoshi ba, jimillar kuma ta nuna kamar lafiya lau. Shi ya sa ake farke shi, a bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Daga wannan farkewa ne ribar sana'ar ta fi fitowa. Batirin laftof da aka yar, sau da yawa jeri ɗaya ne ya mutu ya ja wa sauran. Mai aikin zai ware su, ya yi wa kowace caji, ya rubuta lambarta a jiki da maka, ya ajiye su kwanaki, ya sake aunawa. Wadda ta riƙe wutarta ta ci jarrabawa, za ta shiga tocila ko fanka ko sabon fawa banki. Wadda ta zubar da wuta tana zaune, ko ta yi zafi a caji, ko aka same ta ta daɗe a ƙasa da bolt 2, ta fita layi, domin a irin wannan hali tagullar da ke cikinta takan narke ta haɗa hanyar da bai kamata ba. Tsohuwar ƙwayar Panasonic ko LG ko Samsung da aka ciro daga laftof takan fi sabuwar kasuwa mai ɗauke da lambar miliamfiya 9,900 a jiki. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce wajen 3,500, nauyinta kuma kusan giram 45 ne. Ta jabu da ka ɗaga za ka ji ta shafal. Araha dai ba ta ado.

Yanayin Jos yana taimakon masu wannan aiki. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, zafi kuwa shi ne babban abokin gaban litiyam. Batirin da ke aiki a Jos ba ya shan irin wahalar wanda ke kan tebur a kasuwar Farm Centre ta Kano a watan Afrilu. Sai dai sanyin hunturu yana da nasa wasan: da asuba waya takan nuna wutarta ta ragu, ko ta mutu farat ɗaya, in rana ta ɗaga ta dawo daidai. Mai gyara na kirki zai gaya wa mai ita cewa sanyi ne ya tona asirin batir mai tsufa.

Kayan da ke kan teburin suna da alaƙa da ƙasar da aka kafa shi. Zaren dalmar da ake liƙi da shi fiye da rabinsa kuza ce, ma'adinin da ya tara mutane a Jos. Litiyam ɗin kuma, wanda kamfanin Sony ya fara sayar da batirinsa a 1991, wanda ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019, yanzu haƙarsa ake yi a jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato a 1996, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a can a 2024. Dutsen yana fita waje, batir yana dawowa daga Sin, in ya gaji ya faɗo hannun matashin da ke bakin titi.

Abin da ke raba masu sana'ar gida biyu shi ne amana. Bustin yana tayar da batirin da ya yi barci, ba ya mayar da tsoho yaro. Batirin waya yakan fara ja da baya bayan an cika shi an sauke sau ɗari uku zuwa ɗari biyar, babu kuma na'urar da ke dawo da abin da ya tafi. Akwai mai karɓar kuɗin bustin alhali ya san jibi za a dawo. Akwai wanda zai huda kumburarren batir da allura ya fitar da iska ya liƙe, wanda hakan ajiye garwashi ne a aljihun mutum. Akwai kuma wanda zai tura wayar gaban mai ita ya ce: "Malam, wannan ya gama aiki, sabo za ka saya, kada ka ƙara kwana da shi a ɗaki." Wannan na ƙarshe ya rasa kuɗin yau, amma shi unguwa ke aiko wa 'ya'yanta koyon aiki.

Saura matsala guda da ta fi ƙarfin mai tebur: inda matattun ƙwayoyi za su je. Batirin mota yana da masu saye saboda dalmarsa, na litiyam kuwa yawanci bola yake ƙarewa, inda ake cinna wa shara wuta, yara kuma na tsince-tsince. Masu kula a cikinsu sukan naɗe bakin kowace ƙwaya da salatif, su tara su a gwangwani daban. Ya kamata ƙungiyoyin masu gyaran waya da hukumar kula da muhalli ta jihar Filato su ware wurin karɓarsu, tun da kayan caji ƙaruwa suke yi a gidaje, kowanne kuma da ranar da batirinsa zai mutu.