Hirar Tsofaffin Finafinai: Abin Da Ke Cikinta Ya Wuce Nishaɗi

Idan kina son ki ga an manta da gajiya a gidan biki, bayan an sauke tukwane an baje tabarmi, to ki ambaci sunan wani tsohon fim ɗin Indiya a gaban matan da suka haura shekara arba'in. Nan take za ki ga wadda take gyangyaɗi ta wartsake. Wannan ta ce ita a gidan maƙwabta ta gan shi, waccan ta ce ai sau biyar ta kalla kuma duk sai ta yi kuka, wata ta ce ba haka labarin ya ƙare ba, sai musu ya kaure. 'Yan mata kuwa suna gefe da wayoyinsu, suna mamakin abin da ya sa iyayensu ke ɗaga murya a kan fim ɗin da ya girmi kowa a wurin.

Wannan hira tana da tarihi, tana kuma da amfanin da za ki iya ci a gidanki, in har kin san abin da ke cikinta.

Yadda finafinan suka shigo mana ɗaki

An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, daga baya wasu suka biyo baya irin su Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya tun daga shekarun 1950, kuma ba a daɗe ba suka fi na Turawa farin jini. Sai dai kin san yadda al'adarmu take, matar aure ba ta zuwa silima. Saboda haka iyayenmu mata sun fara sanin finafinan nan ne ta bakin ƙannensu da 'ya'yansu maza, waɗanda ke dawowa su ba da labari har da kwaikwayon faɗa. Sai da talabijin ta yaɗu, sannan bidiyo mai kaset ta shigo gidaje a shekarun 1980, mata suka samu ganin abin da idonsu.

A lokacin nan babu fassarar Hausa irin ta yau. Kowane gida akwai wadda ake ce wa ta iya Indiyanci, ita ce za ta zauna kusa da akwati tana bayani, wani ta dace wani ta ƙara gishiri. Jarumai ma sai da aka raɗa musu sunayen Hausa, shi ya sa har yau wasu ba su san Dharmendra da wani suna ba sai Sarkin Ƙarfi. Tun daga tushe ke nan, kallon fim ɗin Indiya a wurin matan Hausa abu ne na taro da magana, ana kallo ana sharhi.

Me ya sa sai da waƙa?

Tambayar da yara suka fi yi ita ce, don me za a tsaya tsakiyar labari a kama waƙa? Ga amsar da za ki ba su. Finafinan Indiya sun gaji wannan ne daga wasan daɓe. Tun wajen shekarun 1850 akwai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, na mutanen Parsi da kakanninsu suka yi hijira daga ƙasar Farisa. Suna yawo gari gari suna wasa, mafi yawa da harshen Urdu, kuma wasan nasu cike yake da waƙa da rawa, domin abin da 'yan kallo ke biyan kuɗi su gani ke nan. Da aka fara fim mai magana a Indiya a 1931, wato Alam Ara na Ardeshir Irani, daga wani wasan daɓe aka ɗauko labarinsa, kuma ya fito da waƙoƙi bakwai. Shekara guda bayan nan aka yi Indrasabha, wanda waƙoƙinsa suka kai wajen saba'in. Tun daga nan waƙa ta zauna daram.

Wani abin da kan jawo musu a hira shi ne muryar da ake ji. Mata da yawa sun girma suna zaton jarumar da suke gani ita ce mai waƙar. Alhali tun daga 1935 aka fara ɗaukar waƙa daban a situdiyo, jaruma kuma ta motsa baki kawai. Muryar da kika ji a bakin Nargis da Madhubala da Hema Malini, sau da yawa ta mace ɗaya ce, Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022 tana da shekara 92. Ƙanwarta Asha Bhosle ma ta yi wa jarumai masu yawa. A ɓangaren maza kuwa akwai Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980. Wannan tsari ne masu finafinan Hausa suka ɗauka lokacin da harkar ta bunƙasa a Kano a shekarun 1990.

Bashin biki da uwar da ta harbe ɗanta

Babu fim ɗin da ya kai Mother India tayar da musu a tsakanin mata. Mehboob Khan ne ya shirya shi a 1957, Nargis, wadda sunanta na yanka Fatima Rashid, ta fito a matsayin Radha. Yawancin masu hira sukan tuna ƙarshensa, amma 'yar'uwa ki lura da farkonsa. Duk wahalar da Radha ta sha ta samo asali ne daga rufi 500 da surukarta ta ranto a wurin mai ba da bashi da ruwa, Sukhilala, don a yi bikin ɗanta a fita kunya. Shi kuwa ya yi amfani da rashin karatunsu, ya zama kashi uku cikin huɗu na amfanin gonarsu nasa ne duk shekara. Dutse ya murƙushe hannayen mijin a wurin aikin gona, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta cinye abin da ya rage. Sukhilala ya nemi ta ba da mutuncinta ya ba ta abinci, ta ƙi. Ɗanta Birju ya tashi da ƙullin wannan zalunci a ransa har ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya sace 'yarsa a ranar aurenta. Radha ta ɗauki bindiga ta harbe shi.

A nan ne mata ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce babu uwar da za ta iya, wasu su ce 'yar mutane ma 'ya ce, kuma ita ba ta ci bashin kowa ba. Duk ɓangaren da kika ɗauka, ki duba abin da ake tattaunawa: bashin da ake ci don biki, illar riba, haɗarin sa hannu a takardar da ba a iya karantawa ba, da iyakar son da uwa za ta nuna wa ɗan da ya kauce hanya. Akwai gidan da ba a san ɗaya daga cikin waɗannan ba? Maganar da za ta yi nauyi ki faɗa wa ƙanwarki kai tsaye game da kayan ɗakin da take shirin ci wa bashi, cikin hirar Radha za ta shige ba tare da an ɓata ba.

Ga kuma ɗan abin ƙarin daɗin hira. Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin Birju, sa'an Nargis ne, dukkansu a 1929 aka haife su. Wuta ta ritsa da ita a wurin ɗaukar fim ɗin, shi ya shiga ya fito da ita har ya ƙone, kuma a 1958 suka yi aure. Su ne iyayen Sanjay Dutt.

Uba, ɗa da baiwa

Fim na biyu da ba a rasa shi a hira shi ne Mughal-e-Azam na 1960, wanda K. Asif ya kwashe shekaru fiye da goma yana fama kafin ya kammala. Labarin Yarima Salim ne da ya kamu da son Anarkali, baiwa mai rawa a fada, mahaifinsa Sarki Akbar kuma ya ce ba za ta saɓu ba, har ta kai uba da ɗa sun gwabza yaƙi. Dilip Kumar, wato Muhammad Yusuf Khan, shi ne Salim, ya rasu a 2021 yana da shekara 98. Madhubala ce Anarkali, kuma ta yi aikin ne tana fama da ciwon zuciyar da ya zama ajalinta a 1969 tana da shekara 36 kacal.

Shi ma wannan daga daɓe ya fito, daga wasan Anarkali da Imtiaz Ali Taj ya rubuta a 1922. A wasan, gina bango aka yi aka rufe ta da ranta. A fim ɗin kuwa Akbar ya bari an fitar da ita ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, saboda wani alkawari da ya taɓa yi wa mahaifiyarta. Saboda haka idan biyu suna musun ko ta mutu ko ba ta mutu ba, kowace tana da abin kamawa. An sa wa fim ɗin launi aka sake fitar da shi a 2004, sannan a 2016 Feroz Abbas Khan ya mayar da shi daɓe a Mumbai, da mawaƙa suna rerawa a gaban jama'a. Masana tarihi dai sun yi saɓani a kan ko an taɓa yin Anarkali da gaske. Abin da ya sa labarin bai tsufa ba shi ne tambayar da ke cikinsa, wadda kowace uwa mai 'ya'yan da suka isa aure ta sani: ina iyakar ikon iyaye a zaɓen abokin zama, ina kuma iyakar na 'ya'ya?

Na Turawa ma akwai abin cewa

Waɗanda suka yi makarantar kwana ko suka girma da talabijin ta gwamnati sukan sako The Sound of Music a hirar. An fara shi ne a matsayin wasan daɓe mai waƙa a birnin New York na Amurka a 1959, aka mai da shi fim a 1965 da Julie Andrews. Labarin wata budurwa ce, Maria, da aka ɗauka ta kula da 'ya'ya bakwai marayun uwa a gidan wani tsohon hafsan sojan ruwa a ƙasar Ostiriya, wanda ke tafiyar da yaransa da usur kamar a bariki. Ta jawo yaran a jiki da haƙuri da waƙa, daga baya ta auri uban. Iyalin von Trapp mutane ne na gaske, amma fim ɗin ya sauya abubuwa. Maria ta yi aure ne tun 1927, kuma da suka bar ƙasar a 1938 bayan 'yan Nazi sun mamaye ta, jirgin ƙasa suka hau zuwa Italiya, ba su tsallaka duwatsu da ƙafa ba.

Ke da kika shiga gida kika tarar da 'ya'yan wata, ko kike shirin shiga, akwai abin dubawa a nan. Maria ba ta fara da neman a kira ta uwa ba, kuma ba ta kai ƙarar yaran lokacin da suka yi mata tsiya a ranar farko. Irin wannan batu na riƙon 'ya'yan miji yana da wuyar ɗaukowa a gaban dangi, amma a inuwar fim kowa zai faɗi ra'ayinsa.

Kada hirar ta tafi da masu ita

Alam Ara da muka ambata, yau babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a duniya. Wasu finafinan sun yi sa'a. Sholay na 1975, wanda ya shekara biyar ana nuna shi a silima guda a Bombay, an gyara shi aka nuna a birnin Bolonya na Italiya a 2025, da ainihin ƙarshensa da hukumar tace finafinai ta hana a wancan lokaci, inda Thakur ya kashe Gabbar da kansa maimakon 'yan sanda su kama shi. A watan Nuwamba na shekarar ne kuma Dharmendra ya rasu yana da shekara 89. Fim ana iya gyara shi, amma labarin yadda Hajiya ta kalle shi a tsakar gidan maƙwabta, mutum talatin a gaban akwati ɗaya, da wanda ya biya kuɗin hayar kaset, da abin da kakarki ta ce da ta ga Radha ta ɗaga bindiga, wannan yana bakin Hajiya ne kaɗai.

Yau kowa da wayarsa, kowa da abin da yake kallo a ɗakinsa, kuma uwa ba ta san abin da ke shiga idon 'yarta ba. Shawararmu ita ce ki ware dare guda a wata, bayan an yi sallar isha'i an ci abinci, ki zaɓi tsohon fim ɗaya da kin riga kin san abin da ke cikinsa, ki tara yara, in da hali ki gayyato kaka ko gwaggo. Idan aka zo wurin da ake nuna bautar da ba tamu ba, ko shigar da ba ta dace ba, ki wuce da shi ko ki tsaya ki yi bayani, domin gara su ji daga bakinki. Bayan an gama kada ki yi saurin yanke hukunci, ki tambaye su: da ke ce Radha me za ki yi? Salim ne da gaskiya ko babansa? Amsar da 'yarki za ta bayar za ta nuna miki tunaninta game da aure da kuɗi da biyayya, fiye da abin da za ki samu da tambayar kai tsaye.

A tsakaninku manya kuma, a bar hirar ta tsaya a kan Anarkali da Radha. Da zarar an fara cewa ai wance ma haka mijinta ya yi mata, to an bar fim an koma cin naman 'yar'uwa, sai mai hankali a cikinku ta maido da zancen inda aka baro shi.

Allah Ya albarkaci zuri'armu, Ya bar zumunci a tsakaninmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.