Mai Kiɗan Bes Mara Ƙarafa

A 1951 kamfanin Leo Fender da ke Kalifoniya ya fito da gitar bes mai aiki da lantarki. Abin alfaharinta shi ne siraran ƙarafa guda 20 da aka gitta a wuyanta, waɗanda makaɗa ke kira firet. Duk inda ka danna tsirkiya a tsakanin ƙarfe biyu, ƙarfen ne zai tsayar da ita, sauti ya fito daidai ko da yatsanka ya ɗan kauce. Kafin nan galibi sai dai makaɗi ya rungumi ƙatuwar bes ta katako mai tsayin mutum, ya riƙa lalubo kowane sauti da kunnensa. Fender ya hutar da jama'a.

Ba a daɗe ba sai ga wasu suna tuge ƙarafan da hannunsu. Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones ya cire na wata bes mai araha tun farkon shekarun 1960, kamfanin Ampeg kuma ya fara sayar da mara ƙarafa a 1966. Amma wanda ya mai da abin sana'a mai zaman kanta shi ne Jaco Pastorius, wani matashi daga Florida a Amurka. Bes ɗinsa Fender ce ƙirar 1962. Bayan an cire ƙarafanta aka cike gurabensu, aka malale allon wuyan da ƙaron da ake shafa wa jirgin ruwa, domin tsirkiyoyin da yake ɗaurawa masu kaushi ne, suna cin katako. A 1976 kaɗai ya fitar da faifansa na farko, ya shiga ƙungiyar Weather Report, ya kuma yi wa Joni Mitchell kiɗa a faifan Hejira. Mutane suka ji bes, wadda aka saba bari a baya tana gurnani, ta dawo gaba tana rera waƙa kamar tana da maƙogwaro. Wancan faifan farko na Jaco ne Richard Bona ɗan Kamaru ya ji a Duwala, ya ajiye gita ya koma bes.

Bahaushe ba zai ga abin mamaki ba a wuya mara ƙarafa. Goge da kukuma da gurmi, har kuntigin Ɗan Maraya Jos, ba wanda aka gitta wa ƙarfe, kuma duk wanda ya taɓa sauraron mai goge ya san yadda yatsa ke sa sauti makyarkyata har tsikar jiki ta tashi. Wannan karkarwar ita ce jarin mai bes mara ƙarafa, kuma ita ce mafi wuyar koyo.

A bes mai ƙarafa, in kana son sauti ya yi karkarwa, tsirkiyar kake turawa gefe ka sake ta, sautin ya hau ya dawo. Ba ya iya sauka ƙasa da inda ƙarfe ya tsayar da shi. A mara ƙarafa kuwa, turawa gefe ɓarna ce, don tsirkiya za ta yi ta gurzar allo har ta haƙa masa kwari. Abin da ake yi shi ne a kafa kan yatsa wuri guda, a riƙa mirgina tsokarsa gaba da baya bisa tsawon tsirkiyar, ba tare da ya zame ba. Motsin ba daga yatsan yake fitowa ba, daga gwiwar hannu yake tasowa, wuyan hannu na biye. Babban yatsa da ke bayan wuya dafawa kawai yake yi. Da ya ƙanƙame, hannu ya sandare, abin da zai fito kuma rawar ɗari ce, ba kiɗa ba.

Akwai lissafi a ciki. Tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 34 ne a yawancin bes, wato kusan santimita 86. A can saman wuya, kusa da maɗaurin tsirkiyoyi, tazarar da ke tsakanin sauti da mai bi masa ta kusa santimita 5. A tsakiyar tsirkiya tazarar ta ragu zuwa rabin haka, kuma tana ci gaba da tsukewa. Ke nan mirginawar da ta yi daɗi a sautuka masu kauri za ta yi yawa a sirara, sai makaɗi ya riƙa rage faɗinta yayin da hannunsa ke matsowa jikin gitar. Ido ba ya auna wannan. Ko a bes ɗin da aka zana wa layuka a gurbin ƙarafa, layi kusa kawai yake kai ka, kunne ne ke ƙarasawa.

Shi ya sa atisayen yake da gundura. Mai koyo zai kunna na'urar ƙidayar bugu a 60 cikin minti ɗaya, ya riƙe sauti guda, ya mirgina yatsa sau biyu a kowane bugu, a hankali har abin ya yi kama da jiniya. In ya daidaita ya koma uku, sannan huɗu, ya yi ta hawa zuwa biyar ko shida a daƙiƙa, inda kunne ke daina ƙirgawa ya fara jin abin a matsayin murya ɗaya. Sai ya sake da kowane yatsa, har ɗan ƙaramin, wanda ya fi kowa gardama. Wasu suna kashe fitila don kada ido ya yi musu satar amsa. Wasu suna sakin tsirkiya ɗaya tana amo, su nemi ɗan'uwan sautinta a wata, su saurari wani ɗan bugu-bugu da ke tashi tsakanin biyun idan ba su daidaita ba, su yi ta gyara yatsa har ya lafa. Maƙwabta dai sai haƙuri.

A nan ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo da ya ji bai sauka daidai ba sai ya hau girgiza yatsa, wai ko kuskuren zai ɓace a cikin rawar. Ba ya ɓacewa. Fesa turare ne a jikin da bai ga wanka ba. Gwani yakan sauka a kan sautin, ya bar shi tsaye cak, ya saurari yadda yake kumbura yayin da tsirkiya ke shafar katako, sai can wajen ƙarshe ya ɗan motsa shi. A saurari Pino Palladino a waƙar da ya buɗe wa Paul Young a 1983, ko Bakithi Kumalo ɗan Afirka ta Kudu a faifan Graceland na Paul Simon a 1986, za a ji cewa sautukan da suka bari a tsaye sun fi waɗanda suka girgiza yawa. A ganina, yayin da aka yi a shekarun 1980 na zamiya da karkarwa a kowace waƙa shi ya gundiri masu sauraro, har bes mara ƙarafa ta koma abin da ake ɗaukowa jefi-jefi.

Yau mai cin abinci da bes yakan je ɗakin ɗaukar sauti da guda biyu. Mai ƙarafa ce ke yawancin aikin, mara ƙarafa kuma a fito da ita idan waƙa mai sanyi ce. Makirufo ba ya rufa wa kowa asiri, kuma mai shirya faifai ba zai biya kuɗin awa a zauna gyaran sautin da ya karkace ba.

Ga mai sha'awar farawa, kada ka kai filaya kan bes ɗinka tilo. In an tuge ƙarafa dole a cike gurabensu da siraran katako, in ba haka ba wuyan na iya lanƙwashewa, dole a goge allon ya yi sumul, a kuma rage tsayin matokarin tsirkiyoyi. Aikin mai gyaran gita ne. Ka nemi mai araha wadda aka ƙera ba ƙarafa, mai layuka, ka ɗaura mata tsirkiyoyi masu santsi, ka kuma riƙa naɗar kiɗanka a waya kana saurare.