Rahmatat: Sadakar Mamata a Omdurman da Khartoum

A ƙasar Meziko ana ware ranakun 1 da 2 ga Nuwamba don tunawa da 'yan'uwan da suka rasu. Iyalai kan jera hotunansu a gida, su kunna kyandir, su ajiye furanni da abincin da mamacin ya fi so, bisa imanin cewa ruhinsa zai kawo ziyara. Hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2008. Ɗalibin da aka ba shi fassarar sunan ranar yakan yi saurin cewa "Ranar Matattu". Fassarar ta yi kaifi, domin Bahaushe yana kiran danginsa da suka riga mu gidan gaskiya "mamata", "matacce" kuwa har dabba ana kira da shi.

Al'adar da ta fi kusa da wannan, kuma wadda kunnen Bahaushe zai fi saurin ganewa, ita ce Rahmatat ta mutanen Sudan, wadda aka san Omdurman da Khartoum da ita. Ana yin ta a Alhamis ko Juma'ar ƙarshe ta watan Ramadan. Galibi ana fassara kalmar da cewa dunƙulewar jimlar Larabci ce mai ma'anar "rahama ta zo". Wasu kuma na kiran ta jibin mamata.

A ranar, matan gida kan dafa nama da shinkafa, su haɗa fatta, wato gurasa da aka jiƙa da romo, a kawo dabino da hilu-mur, abin shan da ake yi da tsiron dawa don buɗa baki. Yara sai su bi gida-gida da 'yan gangunansu suna waƙa, ana fito musu da akussa. Wanda ya san tashe a Kano ba zai ji abin baƙo ba, sai dai a nan abincin ne kan gaba, ba wasan ba. Ana kuma kai wa masallatai da mabuƙata.

Inda al'adun biyu suka rabu shi ne wanda ake girka wa. A Meziko mamacin ne baƙon. A Omdurman rayayyu ke ci, lada ake fatar ya isa kabari, kamar dai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a ƙasar Hausa. Saboda haka kalmar "biki" ta dace da ta Meziko, amma "sadaka" ce ta dace da Rahmatat. Akwai malaman da ke ganin keɓe mata rana bidi'a ce, irin muhawarar da aka saba ji a kan sadakar arba'in.

Al'adar ta riga ta fara ja baya a birane tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa unguwanni da dama na biranen biyu.