Kaguwar da ake ci a Alexandria, a gishirin teku ta fara rayuwa

Duk wanda ya yi bazara a Alexandria ya san shuɗiyar kaguwar nan da ake turarawa da yajin Old Bay, a zube ta kan tebur ana fasawa da ɗan guduma. Mutanen Virginia da Maryland na ji da ita kamar yadda Bakano ke ji da kilishi. Amma ruwan kogin Potomac da ke wucewa ta gaban garin kusan babu gishiri a cikinsa, kuma jaririn wannan kaguwa ba zai rayu a ciki ba.

Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin halittun ruwa, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai a nan shi ne bambancinta da kaguwar kogunanmu na gida. Tamu tana ƙyanƙyashe 'ya'ya da cikakkiyar siffa, uwa ta riƙe su a ƙarƙashin ciki. Ta nan kuwa sai macen ta yi tafiyar sama da kilomita 200 zuwa bakin mashigin Chesapeake, inda ya haɗu da tekun Atlantika, ta saki ƙwai da kan kai miliyan 2. Abin da ke fitowa wata ƙwarya-ƙwaryar tsutsa ce da ido ke gani da ƙyar.

Tsutsar na da tsirfa. Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A 1959, Costlow da Bookhout na Jami'ar Duke sun rene ta a ɗakin gwaji, suka ga tana buƙatar aƙalla giram 20. Idan ruwan ya fi haka salami, yakan kutsa jikinta, ta kasa saɓa ta mutu. A ɗumin digiri 25 takan yi saɓa sau 7, wani lokaci 8, cikin wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sanyi na ja mata wannan lokaci, kuma kowace rana ta ƙari dama ce ga kifaye su cinye ta.

Duk wannan a buɗaɗɗen teku yake faruwa. Iska da igiyar ruwa ne ke maido da waɗanda suka tsira cikin mashigin, sannan su hauro koguna.

Tun 1990 Virginia da Maryland ke ƙidayar kaguwa kowane hunturu, lokacin da take binne cikin laka. A 2022 an ƙiyasta miliyan 227, adadi mafi ƙanƙanta tun fara ƙidayar. A ganina, masu ɗora laifin kan masunta kaɗai sun yi gaggawa, domin ƙananan ma sun yi ƙaranci a shekarun. Farashin da za ka tarar a kasuwar kifi ta Maine Avenue da ke Washington, tun bara gishiri da ɗumin teku suka fara yanke shi.